Sarautar Hidi a Kan Dutsen Sukur

Mutumin da idonsa ya saba da shimfiɗaɗɗen fili zai yi mamakin jin an kafa sarauta a kan tsauni mai tsayin sama da mita 1,000. Haka kuwa aka yi a Sukur, cikin duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru.

Zuriyar Dur ce ta kafa gidan sarautar wajen ƙarni na 17, kuma Hidi ake ce wa sarkinsu. Ƙarfe ne ya ɗaukaka shi. Mata su tsinto baƙin yashin tama a rafuffuka, maza su narka, fatake kuma su zo har daga ƙasar Barno su saya a kai wa maƙera su yi fartanya da gatari. Hidi na da rabonsa a cinikin. Ƙauyen da manoman nesa ke dogara da ƙarfensa ba ya rasa abokai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ginin. Da dutse zalla aka ɗaga katangun fadar Hidi, an jera shi bisa juna ba siminti. Hanyar hawa ma shimfiɗar dutse ce, gonakin gangare kuma an yi musu matakala don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Har shanu an gina musu ramukan dutse inda ake turke su su yi ƙiba.

Tsaunin bai hana masifa hawa ba. Daga 1912 Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya yi ta kai hari yana kama bayi, yana kuma sa ana rubuta adadinsu a littafinsa; daga bisani Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Daga baya tsofaffin ƙarafan mota suka cika kasuwa da araha, narkar tama ta mutu wajen 1960, jama'a da dama suka sauko gindin dutse.

A 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Nijeriya, shekara shida kafin kurmin Osun na Osogbo. A 2014 'yan Boko Haram suka hau suka ƙone gidaje, wutar ta taɓa har fada. Jinka ta ci wuta, katangun dutse suka tsaya, mutanen kuma suka koma suka yi sabon rufi a kansu.