Neman Hanya a Kudancin Kano, Daga Zamanin Madugai Zuwa Zamanin Taurarin Ɗan Adam

Hanyar da ta fito daga birnin Kano ta ratsa Bebeji ta nufi Zazzau tana cikin tsofaffin hanyoyin ƙasar Hausa, kuma ta kanta ne ayarin fatake da dama suka riƙa bi da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da baƙaƙen riguna na rini, har su dangana da Gwanja, su komo da goro bayan watanni masu yawa. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya bi ta a shekarar 1826, ya tarar da Bebeji babban gari ne mai ganuwa, cike da ma'abota ciniki. A nan kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa waɗanda fatauci ne gadonsu.

Ilmin hanya a wancan zamani yana ƙirjin mutane ne. Madugu da jagabansa su suka san mashigin kowane kogi, da zangon da ke da ruwa da ciyawa, da dajin da ba a kwana cikinsa, irin dajin Falgore na ƙasar Doguwa. Sama kuwa ita ce agogonsu da kalandarsu, domin da tsayuwar Kaza da 'Ya'yanta ake gane inda dare ya kai, da fitowar Gamzaki ake ɗaura wa dabbobi kaya tun kafin assalatu, malaman hisabi kuma, waɗanda suka haddace manzilolin wata ashirin da takwas, su ake tambaya ranar faɗuwar damina da ranar ɗaukewarta, don kada ayari ya tarar da koguna a cike. Ni a ganina ba a ba wannan ilmi haƙƙinsa ba a cikin littattafanmu na tarihi, alhali dukiyar Kano a kansa ta tsayu.

Sojojin Ingila sun fasa Bebeji a farkon Fabrairun 1903 a kan hanyarsu ta zuwa Kano, jirgin ƙasa ya iso birni a 1911 ta Dangora a ƙasar Kiru, 'yan safiyo suka bazu da kamfas da sarƙar awo har duwatsun Riruwai masu kuza, hanya ta koma kan taswira. Sa'an nan akwatin rediyo ya shigo, sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida bayan magariba yana murɗa gajeren zango ya san yadda muryar mai labarai takan taso raɗau, ta dushe har sai an kara akwatin a kunne, ta sake dawowa ba tare da an taɓa komai ba. Kaɗan ne suka san cewa dalilin haka yana can sama da kawunansu.

Bayanin al'amarin shi ne, daga misalin kilomita 60 sama da ƙasa har zuwa 1,000 akwai wani ɓangare na iska da masana ke kira ayonosfiya, inda hasken rana yake ɓantare ƙwayoyin lantarki daga jikin iskar, kuma wannan rufi shi ke mayar da igiyar gajeren zango ƙasa har maganar Landan ta faɗo Tudun Wada. Ta cikinsa kuma dole saƙon taurarin GPS ya ratso daga nisan kilomita 20,200, zuwa ga wayar direba, da na'urar mai awon gona a bakin madatsar Tiga, da jirgin sama mai sauka a Kano. Na'urar ba ta da wata dabara sai lissafin lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuwa yakan zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Saboda haka duk abin da ya jinkirta saƙon a hanya ya shiga cikin awon.

Mutanen ƙuryar arewa, irin su Norwe da Kanada da Alaska, su suna ganin hargitsin wannan rufi da idonsu. In rana ta yi aman wuta ta watso ƙwayoyinta, sukan iso duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku, maganaɗisun duniya ya karkata su wajen ƙuryoyin duniya biyu, ta arewa da ta kudu, su bugi iska a sama da kilomita 100, sai ta kama haske kore da ja, wani shafaƙi mai motsi a tsakiyar dare wanda Turawa ke kira orora. A Satumbar 1859, bayan da masanin taurari Richard Carrington ya ga walƙiya a fuskar rana, an ga hasken har Kyuba, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi. A Maris 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada na tsawon awa tara. A Mayun 2024 kuma manoman Amurka da yawa suka dakatar da shuka, domin motocin nomansu masu bin GPS sun kauce wa kunya.

Mu ba ma ganin orora, amma kuskure ne babba a ɗauka cewa mas'alar ba ta shafe mu ba. Layin tsakiya na maganaɗisun duniya, wato inda allurar da aka rataye ta a sake take kwantawa daidai, ba ta sunkuya kudu ko arewa, bai bi ta inda masu taswira suka ja layin tsakiyar duniya ba. A yankinmu ya hauro arewa, ya ratsa ta wajejen da ke tsakanin Zariya da Kano, ke nan ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji tana kansa ko dab da shi. A bisa wannan layi, wajen kilomita 105 sama, wani ƙaƙƙarfan kwararon lantarki yana gudu gabas kowace rana da hantsi zuwa azahar, wanda aka fara lura da alamarsa a Huwankayo ta ƙasar Peru, masani Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951, Farfesa Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan kuma ya ƙarar da yawancin rayuwarsa yana aunawa da nazarinsa, har ya wallafa babban littafi a kansa a 1997.

Abin da ya fi damun masu awo yana aukuwa ne bayan faɗuwar rana. A daidai lokacin rufin yakan yunƙura sama, ƙasansa ya yi sako-sako, wasu manyan kumfa marasa ƙwayoyin lantarki su keta shi su hau ɗaruruwan kilomitoci, su miƙe kudu da arewa. Saƙon da ya ratso ta cikinsu sai ya riƙa rawa, kamar yadda bango yake rawa in an hango shi ta saman murhu, wani sa'in na'urar ta saki tauraron ɗungum. Daga magariba zuwa tsakar dare ya fi tsanani, musamman a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Ko da yake a saman ƙasarmu kumfan ke tsirowa, ɓarnarsu ta fi yawa nesa kaɗan da layin, wajen Legas da makamantanta, inda rufin ya fi kauri. Guguwar da ke kunna orora a Norwe kuwa takan aiko da ƙarfinta nan cikin mintoci, wata rana ta tayar da kumfan, wata rana ta danne su, gwargwadon sa'ar da ta riske mu.

Tun daga 2008 ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa tashoshin dindindin masu sauraron taurarin nan dare da rana, ɗaya daga ciki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wata a Birnin Kebbi, kuma da bayanansu ɗalibai suke rubuta abin da aka sani game da samanmu. Tashoshin sun yi kaɗan ga ƙasa mai wannan matsayi, kuma ina ganin ya cancanta jami'o'in Kano su sa na'urorinsu a Tudun Wada ko Doguwa, su riƙa aunawa shekara da shekaru, domin ƙarfin rana yana hawa da sauka ne a kan shekara 11, ya kai ƙololuwa a wajen 2024, kuma awon da bai cika zagaye guda ba ba ya isa a yanke hukunci da shi.