Daga Acaɓa Zuwa Batir: Tarihin A Daidaita Sahun Kano

Wanda ya tsaya da safe a mahaɗar Gyaɗi-Gyaɗi, inda Court Road ta faɗo Titin Zariya, zai ga kekuna ruwan ɗorawa sun yi dafifi, wasu sun nufi Asibitin Malam Aminu Kano, wasu sun karkata kasuwar Tarauni. Yaran yanzu sun ɗauka haka garin ya tashi. Alhali shekara 25 da suka wuce acaɓa ne da bas ƙirar Hiace suke riƙe da wannan hanya.

Keken mai ƙafa uku daga Indiya ya zo. Birgediya Buba Marwa ya shigar da shi Legas lokacin da yake mulkin jihar, daga 1996 zuwa 1999, sannan gwamnatin Obasanjo ta yaɗa shi ƙarƙashin shirin NAPEP. A Kano kuwa ta ƙofar tarbiyya ya shigo. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi domin mata su daina hawa bayan ɗan acaɓa, Hisba ta tsaya kan dokar, jama'a kuma suka laƙaba masa sunan shirin gyaran ɗabi'u na gwamnatin, A Daidaita Sahu. Shirin ya shuɗe, sunan ya zauna.

Abin da ya ba shi sarautar titi bai yi nisa da nan ba. Ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari kusa da Masallacin Murtala. Cikin kwanaki gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur. Dubban ƴan acaɓa suka koma keke, maza suka cika abin da aka kawo don mata.

Tun daga nan fasinja ke zaman haƙuri da shi. Yana ƙorafin ganganci da cunkoso, amma da direbobi suka yi yajin aiki a 2021 da 2022 kan kuɗaɗen KAROTA, sai ga ma'aikata da ɗalibai da masu jinya suna taka sayyada a Titin Zariya. A ganina, ranakun nan sun auna matsayin keken fiye da duk wata takardar jin ra'ayi.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ne ya sa aka fara sauraron zancen lantarki da gaske. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kuɗin hawa ya bi ta. Yanzu akwai kekuna masu batir a Kano, har da na ƙungiyar Mata Zalla, masu ruwan hoda, waɗanda mata ke tuƙawa suna ɗaukar mata.

Ga fasinja ribar a fili take: ba hayaƙi, ba ƙara, mai ciki ko tsoho zai isa asibiti kansa bai sara ba. Lissafin direba ya sha bamban. Akwai balas ɗin mai keke da yamma, kuma duk sa'ar da batir ya yi a caji sa'a ce da ba a ɗauki kowa ba, shi ya sa wuraren musayar batir suka fi masa muhimmanci a kan kyan keken. Ga wuta kuma: a Afrilun 2024 an ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, sauran unguwanni kuwa sai lokacin da KEDCO ta kawo. Idan batir ya mutu ƙarƙashin gadar Dangi da azahar, fasinja zai sauka ne ya tare mai fetur.