Romo da Sharaɗi: 'Yan Mishan da Babbar Yunwar Ailan, 1845 zuwa 1852



Abin da nake so mu duba a yammacin nan ya auku ne a wata ƙasa mai nisa, a cikin wani zamani da ya shige, amma tambayar da ke cikinsa ba ta tsufa ba. Tambayar ita ce, idan bala'i ya sauka wa jama'a, wata ƙungiyar addini kuwa ta zo da abinci a hannun dama da wa'azi a hannun hagu, har ta ce ba a karɓar ɗaya sai da ɗayan, shin agaji ta yi ko ciniki? Mu da iyayenmu suka ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914, da yawanmu kuma suka ga farin 1973 da idonsu, ba sai an tsaya ana fassara mana abin da yunwa ke yi wa mutuncin ɗan Adam ba.

Ailan tsibiri ce a yamma da Ingila. A wancan zamani, tun daga 1801 da aka haɗe ta da Birtaniya, majalisar Landan ce ke yi mata doka. Kusan kashi huɗu cikin biyar na mutanenta Katolika ne, alhali kuwa cocin gwamnati na Furotesta ne, manyan masu ƙasa ma akasarinsu Furotesta ne. Talaka ɗan haya ne a gonar kakanninsa. Hatsi da dabbobin da ya samu na biyan haya ne, shi kuwa da iyalinsa dankalin Turawa suka dogara da shi safe da rana da dare. Mutane wajen miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi, ƙato guda kan ci kilo 5 ko 6 a yini. A cikin watan Satumba na 1845 wata cuta ta shiga gonaki, dankali ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa yana wari. A 1846 ta dawo ta share kusan dukkan amfanin gona. Ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8 a ƙasar, ta 1851 kuwa miliyan 6 da rabi. Wajen miliyan guda yunwa da zazzaɓi da atuni suka kashe, fiye da miliyan kuma suka tsallaka teku.

Laifi mafi girma na gwamnatin Landan ne, wannan kam kada mu manta. A tsakiyar 1847 ta buɗe wuraren dafa abinci, har ta kai tana ciyar da mutum miliyan 3 a rana, watau ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, sa'an nan kafin shekara ta ƙare ta rufe su. Charles Trevelyan, babban ma'aikacin baitulmali wanda harkar agaji take hannunsa, ya ɗauki yunwar a matsayin wata hikima ta Ubangiji don gyara tattalin arzikin Ailan. Ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan sai su ajiye wannan suna a ransu. Amma yau ba a kansa zan tsaya ba.

Tun daga wajen 1820 wani sashe na Furotesta masu zafin bishara suka ƙudura niyyar juyar da Katolikan Ailan baki ɗaya. Suka buɗe makarantu, suka riƙa koyar da karatun Littafi Mai Tsarki a cikin harshen mutanen ƙasar. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne wani fasto mai suna Edward Nangle. A 1831 ya je tsibirin Akil, can yammacin ƙasa inda talauci ya yi katutu, a cikin jirgin da ya kai abincin agaji. A 1834 ya tare can da iyalinsa, ya kafa unguwar mishan a wani wuri da ake kira Dugort, a gindin dutse. Kafin shekara goma ta cika akwai coci da makarantu da ɗakin magani da gidan marayu da injin buga littattafai, tun daga 1837 kuma yana fid da jaridarsa, wadda ita ce ke janyo masa gudummawa daga Ingila. Mutumin ba rago ba ne, ba kuma maƙaryaci ba ne a kan imaninsa. Amma bakinsa da alƙalaminsa sun fi wuƙa kaifi, bai bar wani abin da Katolika ke girmamawa ba sai da ya aibanta shi a bainar jama'a.

Da yunwa ta zo, sai Nangle ya fassara ta. A 1845 gwamnati ta ƙara kuɗin da take ba makarantar horar da limaman Katolika ta Maynooth, daga wajen fam 9,000 zuwa fam 26,000 a shekara. A wurin Nangle da masu ra'ayinsa, ruɓewar dankali azaba ce Allah ya saukar saboda wannan taimako da aka yi wa abin da suke kira bautar gumaka. To, ku dubi inda wannan fassara take kai mutum. Idan ka gaskata cewa addinin maƙwabcinka ne ya jawo masa yunwa, to raba shi da addinin ya zama shi ne maganin yunwar a ganinka, abinci kuwa ya koma ƙugiya kurum.

Haka kuwa aka yi. Makarantun mishan na Akil suka riƙa ba da abinci, ɗaruruwan yara suka cika su, amma yaron da zai ci sai ya zauna ya koyi darasin da ke cewa addinin uwarsa ɓata ne. Magidancin da ke neman aiki a gonar mishan, ko gida a unguwarta, ya san abin da ake jira daga gare shi. Irin wannan unguwa akwai ta a Dingle, can kudu maso yamma. Sa'an nan ga Alexander Dallas, tsohon soja da ya zama fasto a Ingila, wanda tun a farkon 1846 ya aika da dubban takardun wa'azi ta gidan waya zuwa gidajen Katolika, a 1849 kuma ya kafa ƙungiya musamman don juyar da su, ya fi mai da ƙarfi a yankin Konamara, inda yunwa ta fi yin ɓarna. Shi bai ɓoye ba cewa a ganinsa Allah ne ya buɗe ƙofa a wannan lokaci. Mutanen karkara sun riƙe labarin cewa a waɗansu wurare ranar Juma'a ake zuba nama a tukunya, ranar da Bakatolike ba ya cin nama, domin wanda ya miƙa ƙwaryarsa ya zama ya karya dokar cocinsa a gaban shaidu. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Abin zargi a nan shi ne, mai miƙa takobin yana da igiya a rataye a kafaɗarsa.

Daga nan aka sami sunan da ya bi zuriya. Wanda ya karɓa aka ce “ya sha romo”, shi da iyalinsa aka kira su 'yan romo. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na zauna gida ɗaya da wani ɗalibi mutumin Ailan. Wata rana muna hira sai ya ambaci wani gida a ƙauyensu, ya rage murya ya ce ai kakanninsu romo suka sha. Fiye da shekara ɗari da yin abin, amma ya faɗe shi kamar jiya aka yi.

Kada a ɗauka Katolika kaɗai suka soki wannan aiki. Asenath Nicholson, wata Ba'amurkiya Furotesta wadda ita kanta raba Littafi Mai Tsarki ya kai ta Ailan, ta ziyarci Akil a 1845, ta rubuta rashin jin daɗinta da yadda ake tafiyar da unguwar. Amma hujja mafi ƙarfi ba daga bakin kowa ta fito ba, daga aikin wata ƙaramar ƙungiya ta fito, watau Jam'iyyar Aminai, waɗanda aka fi sani da Kwaka. Su ma Furotesta ne, yawansu a Ailan bai wuce 3,000 ba. A watan Nuwamba na 1846 suka kafa kwamitin agaji a Dablin, Joseph Bewley da Jonathan Pim ne sakatarorinsa. Suka aika mutane su zaga ƙauyuka su gano wa idonsu, suka rubuta abin da suka gani ba ƙari ba ragi, wannan ne ya sa kuɗi da hatsi suka riƙa zuwa daga Amurka. Sun raba manyan tukwanen ƙarfe, da tufafi, da irin shuka, da kayan kamun kifi, abin da ya kai kimanin fam 200,000. Suna ba da kaya ta hannun duk wanda suka amince da shi, fasto ne ko limamin Katolika, ba su tambayi mai karɓa inda yake ibada ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne rahotonsu na 1852, inda suka faɗa da bakinsu cewa ƙoƙarinsu bai kai ga kawar da tushen matsalar ba, domin tushen yana cikin dokokin mallakar ƙasa, wannan kuwa aikin gwamnati ne. Ga kuma waɗanda suka ba da nasu daga nesa ba su nemi kome ba: Sarkin Musulmi Abdulmajid na Daular Usmaniyya ya aika da fam 1,000, ƙabilar Coktau ta Amurka, wadda ba ta daɗe da shan azabar kora daga ƙasarta ba, ta tara dala 170.

Yanzu sai mu ji ta bakin wanda ake tuhuma, domin ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Masu kare Nangle suna cewa kuɗin da ke hannunsa don mishan aka ba shi, ba shi da ikon juya su zuwa wani abu dabam. Suna cewa yaran da suka ci a makarantunsa sun rayu, waɗanda da ba don haka ba da an binne su. Wannan gaskiya ne, ba ni da abin musu. Akwai kuma binciken Desmond Bowen na 1970, wanda ya nuna cewa akasarin fastocin Furotesta na karkara ba su gindaya wa kowa sharaɗi ba, sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da limaman Katolika a kwamitocin agaji, wajen 40 daga cikinsu ma zazzaɓin yunwa ya kashe su a 1847 kaɗai. Haka nan ɓangaren Katolika ba su fita da hannu fari ba. An la'anci waɗanda suka juya daga kan mumbari, an hana ciniki da su, an jefe su, aka mai da mutumin da ya ceci 'ya'yansa daga mutuwa tamkar maci amana. Babban limamin Tuam, John MacHale, wanda ya fi kowa yaƙar Nangle, sai a farkon shekarun 1850 ya tura sufaye su kafa makaranta a Akil, bayan yunwa ta gama cin wanda za ta ci.

Duk da haka ni dai hujjar ba ta gamshe ni ba, ga kuma dalilaina. Cewa kuɗin na mishan ne ba uzuri ba ne, gama Nangle ne da kansa yake rubuta wa masu ba da kuɗin, shi ya koya masu auna nasara da yawan waɗanda suka juya maimakon yawan waɗanda suka rayu. Mai neman gudummawa da irin wannan lissafi dole ya ci gaba da samar da lissafin. Sa'an nan ɓarnar ba ta tsaya ga waɗanda suka sha romon ba. Da zargi ya bazu, sai kowace tukunya ta Furotesta ta zama abin tsoro, fasto mai gaskiya ya dafa abinci don Allah, uwa ta tsaya daga nesa tana shakkar kai ɗanta. 'Yan tsiraru suka ɓata wa masu yawa suna, aka manta da fastocin nan 40, aka riƙe Nangle da Dallas. Ko ta fuskar abin da su kansu suke nema, ciniki bai yi riba ba. Da abinci ya samu, da yawa suka koma cocinsu na da, waɗansu kuma suka yi ƙaura saboda ba su iya zama da gorin maƙwabta. Ƙidayar 1861, wadda ita ce ta fara tambayar addini, ta sami Katolika suna nan wajen kashi 78 cikin 100. Cocin Katolika ma ya fito daga yunwar ya fi da tsauri da tsari, a ƙarƙashin Paul Cullen, wanda ya mai da yaƙi da 'yan mishan babban aikinsa.

Shekara kusan 150 bayan haka, a 1994, ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji na duniya, har da na coci, suka rattaba hannu a kan ƙa'idojin aiki, cikinsu akwai cewa buƙata kaɗai za a duba wajen ba da taimako, ba kuwa za a yi amfani da shi don yaɗa wata aƙida ta siyasa ko ta addini ba. Rubuta doka dabam, binta dabam. Bayan ambaliyar teku ta 2004 wata ƙungiyar bishara ta Amurka ta shirya kwashe marayu 300 daga lardin Aceh na Musulmi zuwa gidan renon Kirista, sai da gwamnatin Indunusiya ta taka mata burki. Bayan girgizar ƙasa ta Haiti a 2010 an kama 'yan mishan 10 a bakin iyaka ɗauke da yara 33 ba takarda, daga baya aka gano da yawansu iyayensu na da rai.

Mishan ɗin Akil kuwa, a farkon shekarun 1850 ya sayi fiye da rabin tsibirin, ya zama mai ƙasa yana karɓar haya daga talakawan da ya zo ceto. Nangle ya bar wurin a 1852, ya rasu a 1883, unguwar ta yi ta raguwa har ta watse. A harabar cocin Dugort akwai kaburbura da yawa marasa suna, na waɗanda suka juya a zamanin yunwa, suka mutu danginsu ba su zo jana'iza ba. Sai a 2011 manyan limaman cocin biyu suka tsaya tare a wurin suka yi masu addu'a.