DAGA TAKARDAR GURZA ZUWA FUSKAR WAYA

Malamanmu da 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina so in tuna mana wani ɗan tarihi da ya shafe mu, domin na ga yaranmu na Haɗejiya sun fara shiga sana'ar da mu ba mu ma san sunanta ba a lokacin da muke aji.

Waɗanda muka yi ƙungiyar jarida tare za su tuna yadda muke shirya mujallar makaranta. Sai an roƙi akawu ya buga rubutun a tafireta a kan takardar gurza, ni kuma in zana bango da tsinken ƙarfe, sannan a murɗa injin Gestetner da hannu har tawada ta ɓata mana fararen riguna. Tafiretar ba ta da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka da biro muke bi muna sa ƙugiya. Ranar da muka manta, ƙasa ta koma kasa, malamin Hausa kuwa bai raga mana ba.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, shagunan kwamfuta suka fara bayyana. A nan muka ga CorelDRAW, wadda aka riƙa yin katin biki da kalanda da ita. Gaskiya ɗaya ce: kuɗin lasisinta ya fi ƙarfin talaka, don haka yawanci kofin sata ake amfani da shi, ga ƙwayar cuta mai cinye aikin mutum.

Ashe a can Amurka wasu sun riga sun ga wannan matsala. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU, da manufar a samu manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya gyara, ya ba wani ba tare da tsoro ba. Daga wannan tunani aka sami GIMP ta gyaran hoto, wadda ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley suka fitar a 1996, sai Inkscape ta zane a 2003. Dukansu kyauta ne, kuma da zarar an sauke su ba sa bukatar intanet, abin da ya dace da ƙauyukanmu na fadama inda sabis yake zuwa ya ɗauke.

Zuwan wayar salula a 2001, daga baya kuma wayoyin shafa, ya haifar da sabon aiki, wato tsara fuskar manhaja: inda maɓalli zai zauna, girman rubutu, launi, da abin da zai fito idan an taɓa. A 2016 Figma ta fito, ana aiki da ita ta intanet, kuma tana da sashen kyauta ga mai koyo. Amma a 2022 kamfanin Adobe ya nemi sayen ta a kan dala biliyan 20. Ko da yake cinikin ya rushe a ƙarshen 2023, masu zane da yawa sun fahimci cewa kayan aro ba ya ado. Shi ya sa wasu suka karkata ga Penpot, wadda wani kamfani na Sifen mai suna Kaleidos ya ƙera. Ita asirinta a buɗe yake, har makaranta ma tana iya ɗora ta a kan kwamfutarta.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bahaɗeje da wannan? To, mu tuna ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda ruwa ya ci gonaki da gidaje a yankin Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Manomin shinkafa da masunci suna da waya a aljihu, amma yawancin manhajojin da ke cikinta ba don su aka tsara ba. Idan za a yi manhajar gargaɗin ruwa ko ta farashin kifi da barkono, wa ya fi ɗan Haɗejiya sanin cewa babansa ya fi gane murya da hoto a kan dogon rubutu? Kuma yau ƙugiyar da muke sawa da biro tana nan a allon waya.

Don haka nake roƙon ƙungiyarmu, a taron bana mu haɗa kwamfutoci ko guda goma ne da fitilar sola, mu kai tsohuwar makarantarmu, a sa musu waɗannan manhajoji. Lasisi ba zai ci mana ko kwabo ba. Ni na ɗauki nauyin koyarwa a hutun ƙarshen zango.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.