Lasisi da Shugabanci a Raya Manhajojin Ofis Masu Buɗaɗɗen Tushe: Kwatancen LibreOffice, Apache OpenOffice da OnlyOffice

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta manhajojin ofis guda uku waɗanda kowa ke da damar duba lambobin tushensu ya gyara: LibreOffice, Apache OpenOffice da OnlyOffice. An auna su ta fuskar lasisi, tsarin shugabanci da yadda suke fitar da sababbin sigogi. Nazarin ya nuna cewa buɗe tushe shi kaɗai bai isa ya raya manhaja ba. Abin da ke raya ta shi ne tsarin da zai riƙe masu rubuta ta, musamman waɗanda ake biya albashi a kan aikin.

1. Gabatarwa

LibreOffice da Apache OpenOffice tushensu ɗaya. Dukkansu sun samo asali ne daga StarOffice na kamfanin Star Division da ke Jamus, wanda Sun Microsystems ya saya a 1999. A 2000 Sun ya buɗe lambobin tushen manhajar da sunan OpenOffice.org, amma ya sharɗanta wa duk mai kawo gudummawa ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba kamfanin haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Wannan sharaɗi ya daɗe yana ci wa masu rubuta manhaja na waje tuwo a ƙwarya, har wasunsu, ƙarƙashin jagorancin ma'aikatan Novell, suka riƙa tara gyare-gyarensu daban da sunan Go-oo.

Bayan Oracle ya kammala sayen Sun a Janairun 2010, sai ɓaraka ta fito fili. Ranar 28 ga Satumba 2010 aka sanar da kafa The Document Foundation da manhajarta LibreOffice. A Yunin 2011 Oracle ya miƙa lambobin OpenOffice.org da sunansa ga Apache Software Foundation. Da yake rassan biyu sun tashi da kusan lambobi iri ɗaya, bambancin da ya biyo baya yana ba mai nazari damar ganin tasirin tsari shi kaɗai.

2. Hanyar Nazari

An dogara ne da sharuɗɗan lasisin kowace manhaja, da dokokin hukumomin da ke riƙe da su, da tarihin sigoginsu. An sa OnlyOffice a kwatancen don ta wakilci salo na uku, inda kamfani guda ke riƙe da ragama.

3. Lasisi

Apache OpenOffice tana ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, wanda ya yarje wa kowa ya ɗauki lambobin ya zuba a manhajarsa, ko da rufaffiya ce. LibreOffice kuwa tana ƙarƙashin lasisin Mozilla 2.0, wanda ya wajabta wa duk wanda ya gyara fayil ya kuma rarraba shi ya bar gyaran a buɗe. Sakamakon haka, LibreOffice na iya ɗibar duk abin da aka rubuta a ɓangaren Apache, alhali dokokin Apache ba su yarda a shigo da lambobin LibreOffice ba. Misali, IBM ya ba Apache lambobin Lotus Symphony, daga ciki aka samar da allon gefe da ya bayyana a siga ta 4.0 a 2013, kuma a shekarar LibreOffice ta ɗauke shi. Ribar aikin ɓangarorin biyu ta riƙa taruwa wuri guda.

OnlyOffice, wadda kamfanin Ascensio System da ke Riga a Latbiya ke yi, tana amfani da lasisin AGPL na 3, sannan kamfanin yana sayar da wasu sigogi na kasuwanci a ƙarƙashin wani lasisin daban.

4. Shugabanci da Fitar da Sigogi

An yi wa The Document Foundation rajista a Berlin a Fabrairun 2012. Membobinta, waɗanda aikinsu ne ke ba su kujera, su ke zaɓen hukumar gudanarwa, kuma dokar gidauniyar ta hana ma'aikatan kamfani guda su wuce kashi ɗaya bisa uku na hukumar. Ba a neman kowa ya sallama haƙƙin mallakarsa. Wannan ya jawo kamfanoni irin su SUSE, Red Hat da Collabora suka zuba ma'aikata. LibreOffice tana fitar da babbar siga duk wata shida, a Fabrairu da Agusta. Abin da bai kammala ba ya jira zagaye na gaba.

A Apache, kwamitin aikin ne ke kaɗa ƙuri'a kafin a fitar da siga, kuma ba a ɗaure da kalanda ba. Tsarin ya yi aiki lokacin da ma'aikatan IBM ke ciki. Da suka janye, sai aka bar 'yan sa-kai kaɗan da miliyoyin layukan lamba. Tun siga ta 4.1 ta Afrilun 2014, ƙananan gyare-gyare kawai ake fitarwa. A 2015 an gano wata kafar tsaro a sashen da ke buɗe fayilolin HWP; LibreOffice ta toshe ta a Afrilu, Apache OpenOffice sai a Oktoba. A Satumban 2016 shugaban kwamitin, Dennis Hamilton, ya kawo batun yiwuwar rufe aikin.

A OnlyOffice kamfanin ne ke tsara alƙibla, ma'aikatansa ke yin mafi yawan aikin. Yanke shawara na da sauri, sai dai makomar manhajar ta rataya ne a kan kasuwancin kamfani ɗaya.

5. Tattaunawa

Bambancin tsari yana bayyana a hannun mai amfani. LibreOffice da Apache OpenOffice sun ginu a kan ODF, tsarin fayil da ya zama ma'aunin ISO a 2006. LibreOffice tana buɗe fayilolin DOCX na Microsoft tana kuma adana su, Apache OpenOffice kuwa buɗewa kawai take yi. OnlyOffice ta ɗauki tsarin fayilolin Microsoft a matsayin ginshiƙinta tun farko. Manyan hukumomin da suka bar Microsoft Office, kamar ma'aikatar tsaron Italiya da jihar Schleswig-Holstein ta Jamus mai kwamfutoci kusan 30,000, LibreOffice suka zaɓa, wadda akwai kamfanoni fiye da ɗaya da za a iya ƙulla kwangilar tallafinta da su.

Duk da haka, salon LibreOffice yana da nasa rauni. Kaso mai yawa na aikin yana fitowa ne daga 'yan kamfanoni da ke rayuwa da sayar da tallafi, alhali gidauniyar The Document Foundation na raba manhajar kyauta. A 2023 Red Hat ya sanar da janye hannu daga kula da LibreOffice a manhajarsa ta kasuwanci, lamarin da ya nuna cewa janyewar kamfani ba matsalar Apache kaɗai ba ce.

6. Kammalawa

Duk hukumar da ke son zaɓar manhajar ofis mai buɗaɗɗen tushe ya kamata ta duba abu uku kafin jerin abubuwan da manhajar ke iya yi: kamfanoni nawa ke biyan masu rubuta ta, wa ke da ikon yanke shawara, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a toshe kafar tsaro. A kan waɗannan ma'aunai LibreOffice ce ta fi tsayuwa da ƙafafunta, muddin yawan kamfanonin da ke ɗauke da ita bai ci gaba da raguwa ba.