LABARIN MAI GADIN JINI

Jama'a, yau zancenmu a kan wani abu ne da ke cikin jininku, wanda ido ba ya ganinsa, amma ƙarancinsa ya kan sa jariri ya yi shawara, ya kan sa babban mutum ya yi fitsari baƙi kamar ruwan shayi. Likitoci suna kiransa G6PD. Mu dai bari mu ce da shi mai gadin jini.

Kun san in an fasa goro an ajiye, ba ya daɗewa sai fuskarsa ta rine. Kun san kuma yadda tsatsa ke cin fartanya in ta kwana a raɓa. Iska ce ke yin wannan aiki. To, jajayen ƙwayoyin jini ba su da sana'a sai dakon iska daga huhu zuwa ko'ina cikin jiki, sabo da haka kullum suna cikin hatsarin irin wannan tsatsa. Mai gadin nan shi ke sabunta maganin tsatsar a cikin kowace ƙwaya. Wanda nasa ya yi ƙaranci yana zaune lafiya lau, sai ran da wani magani, ko abinci, ko zazzaɓi mai zafi ya ƙara wa tsatsar ƙarfi. Ran nan fatar ƙwayoyin ta lalace, su farfashe.

Tun zamanin dā mutanen Girka da Italiya sun lura akwai waɗanda in sun ci wani babban wake, wanda Larabawa ke kira ful, sai su kwanta, ido ya yi ɗorawa. Ba su san dalili ba. Wannan fa ba waken gonarmu ba ne, ku ci abinku. Amma maniyyata su riƙe sunan, domin a Makka da Madina da ful a kan karya kumallo.

A farkon shekarun 1930 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya gano sinadarin, amma bai danganta shi da wata cuta ba. Yaƙi ne ya tona asirin. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, an ba sojan Amurka maganin zazzaɓin sauro mai suna primaquine. Wajen ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata, watau jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, jininsu ya kan ragu in sun sha da yawa. Likitocin Chicago suka yi ta gwaji a jikin fursunan wani gidan yari, Stateville. An ce da yardarsu aka yi, amma yardar wanda ke kulle abin dubawa ce. Cikin 1956 Dokta Carson da abokan aikinsa suka bayyana cewa ƙarancin G6PD ne tushen abin.

Sai tambaya ta taso: me ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashe masu sauro? Babban ɓangare na amsar daga ƙasarmu ya fito. Cikin 1969, a Jami'ar Ibadan, Dokta Luzzatto da Usanga da Reddy suka duba jinin yara mata masu zazzaɓi, waɗanda ƙwayoyin jininsu gauraye ne, wasu da cikakken mai gadi, wasu da ƙaranci. Suka tarar ƙwayar cutar ta fi yawa ƙwarai a cikin masu cikakken mai gadi. Sauran ba su yi mata daɗin zama ba. Ashe ƙarancin nan garkuwa ce, ko da ya ke ba cikakkiya ba. Ku da ke zaune kusa da fadama a Tsamaye, ko Sabon Birni, ko Isa, kun san abin da sauro ke yi da damina, kakanninku ma sun sani. Inda zazzaɓi ya daɗe yana kashe yara, masu wannan gado sun fi tsira, suka hayayyafa. Yau a duniya sun kai wajen miliyan 400, a waɗansu sassan Nijeriya kuwa kusan namiji ɗaya cikin biyar ne. Ɗa namiji daga uwarsa ya ke gādonsa, kuma maza ya fi kamawa. Ba laifin uwa ba ne, kuma ba sikila ba ce.

Cikin 1986 aka karanta tsarin gadon da ke yin sinadarin, cikin 1992 kuwa masana a London suka sa ƙwayoyin bakteriya suka riƙa ƙera irin na ɗan Adam a ɗakin gwaji. Da wannan ƙirar a ke nazarin inda aibin ya ke. Amma kada wani mai tallan magani a kasuwa ya ruɗe ku: ba a mai da shi allura ko ƙwayar sha ba. Kiyayewa ita ce magani.

An kuma koyi darasi mai tsada cikin 2008, sa'ad da aka janye wani maganin zazzaɓi, Lapdap, domin yana fasa jinin yara masu wannan gado. Akwai dapsone a cikinsa, wanda ku ka sani a maganin kuturta. Maganin zazzaɓin da mu ke ba ku yanzu a ɗakin magani ba ya cikin wannan sahu, kada ku ƙi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne jarirai. Likitocin Ikko da Ibadan sun nuna cewa kafur ɗin da mata ke sa wa cikin akwatin tufafi, da hoda mai sanyin mantoleta da a ke barbaɗa wa cibiya, suna tā da shawara ga jariri mai wannan gado. A ƙasashen Larabawa an ga lalle ma ya yi haka. Shawara in ta yi tsanani ta kan hau ƙwaƙwalwa, yaro ya kurumce, ko ya kasa zama, ko ya rasu. Sabo da haka ku fid da kafur daga kayan jariri tun kafin haihuwa, kada a shafa masa lalle. Kowace safiya cikin makon farko a fito da shi bakin ƙofa, a dubi farin idonsa da dasashinsa a hasken rana. In kun ga ɗorawa, ko ya ƙi nono, kada ku jira ranar suna, kada ku tsaya jiƙo. Ku kawo shi ran nan, mu tura ku babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda a kan sa jariri ƙarƙashin fitila ta musamman, a kuma gwada jininsa. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin, a rubuta masa a kati, ya riƙa nuna wa malamin asibiti kafin a ba shi kowane magani.