Malam-Buɗe-Littafi a Littattafan Yara: Me Ya Sa Za a Fara Daga Gindin Tumfafiya?

A shekarar 1949 aka buga littafin Ikon Allah a Zariya, wanda Dokta Rupert East da Alhaji Abubakar Imam suka rubuta domin bayyana wa mai karatun Hausa halittun duniya cikin harshensa. Yau sama da shekara 70 ke nan, amma uban da ya shiga kantunan littattafai na Sabon Gari yana neman abin da zai nuna wa ɗansa yadda tsutsa ke rikiɗewa ta zama malam-buɗe-littafi, da wuya ya fito da wani abu in ba littafin Turanci mai hotuna ba, wanda aka tsara domin yaran Amurka ko Ingila. A irin waɗannan littattafai kuwa, ƙwaron da ya fi samun wuri shi ne wanda Amurkawa ke kira monak, masana kuma suke kiransa Danaus plexippus. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, fassara littafin monak zuwa Hausa ba za ta biya buƙatar yaron Samaru ta Zariya ba. Abin da yake buƙata shi ne littafin da aka gina a kan ƙwaron da ke bayan gidansu.

Babu musu, labarin monak ya cancanci shaharar da ya yi. Macen tana saka ƙwai a ganyen wani tsiro mai farin ruwa kamar nono. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta yi kamar mako biyu tana cin ganyen, sannan ta rataye kanta cikin ɗan kwanso kore, bayan kwana goma ko fiye ta fito da fukafukai. Waɗanda aka haifa a ƙarshen lokacin zafi sukan taso daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, su yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000, su sauka a dazukan da ke kan duwatsun Micowakan na ƙasar Meziko. Komawa arewa kuwa sai an yi zuriya uku ko huɗu a hanya, don haka mai zuwa Meziko baɗi bai taɓa ganin dajin ba. Masana ba su san inda ƙwarin ke sauka ba sai a watan Janairu 1975, bayan Fred Urquhart na Jami'ar Toronto da matarsa Norah sun shafe shekaru suna manna musu 'yan alamomi. A 2008 hukumar UNESCO ta sa dazukan cikin wuraren tarihi na duniya.

To amma mene ne aikin littafin halittu ga yaro? Littafin da Gail Gibbons ta rubuta kan monak a 1989, da ire-irensa, sun yi tasiri ne domin yaron da ya karanta su zai iya rufe littafin, ya fita, ya juya ganye ya tarar da ƙwan. Gani ya kori ji. Yaron Samaru da aka ba shi wannan littafi ba shi da wannan dama. Ba zai ga monak ba, lokutan shekara huɗu na littafin ba su dace da damina da kaka da hunturu da bazararmu ba, tsiron ma bai san shi da sunan da aka rubuta ba. Sai ya haddace matakai huɗu na rayuwar ƙwaron, ya ci jarrabawa, kuma ya tashi da wani darasi da ba a yi nufin koya masa ba: cewa kimiyya abu ce da ke faruwa a wata ƙasa.

Alhali ɗan'uwan monak na jini yana nan tare da mu. Shi ne Danaus chrysippus, malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro da baƙin baki da ɗigon fari, wanda a Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne. Abincin tsutsarsa tumfafiya ce, wadda ke tsirowa a kowane kango da bakin hanya. Tsutsar tana da zane-zanen baƙi da fari da rawaya, da siraran ƙahonni shida, inda ta monak ke da huɗu. Wannan abu ne da yaro zai ƙirga da idonsa. Gubar da ke cikin ruwan tumfafiya tana taruwa a jikin tsutsar, ta bi ta har ta yi fukafukai, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamar ƙwaron. Har akwai wani jinsi daban, Hypolimnas misippus, wanda macensa ke ɗauke da kamanninsa ba tare da gubar ba, tana cin albarkacin tsoron da ake yi masa. Daga ƙwai zuwa tashi kusan wata guda ne, wato aji guda zai iya kallon rayuwar gaba ɗaya cikin zangon karatu ɗaya, da kwalba da ganye kawai. Dole dai littafin ya gargaɗi yara cewa ruwan tumfafiya yana illata ido, kuma wannan gargaɗi ba zai taɓa fitowa daga littafin da aka fassara ba.

Ana iya cewa ɗan tumfafiya ba ya yin doguwar hijira irin ta monak, kuma hijirar ce ke ɗaukar hankalin yara. Gaskiya ne. Sai dai mafi tsawon hijirar malam-buɗe-littafi da aka sani ta ƙasarmu take bi. Jinsin Vanessa cardui yana tasowa daga Turai, ya tsallaka tekun Bahar Rum da Sahara, ya iso yankin Sahel da dajin Sudan a ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ke nan shar. Binciken da Gerard Talavera da Roger Vila suka buga a 2016 ya nuna yana hayayyafa da yawa a kudancin Sahara, kuma an kiyasta zuwa da komowar, a tsakanin zuriyoyi da dama, da kilomita 12,000 zuwa 14,000. Ga yaran da kakanninsu suka san ayarin fatake zuwa Agadas da Gadamas, labarin ƙaramin ƙwaro mai ƙetare hamada ba baƙon labari ba ne.

Lamarin ya wuce sha'awa. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Jihar Kaduna har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, kuma a shekarar ce aka fara ganin tsutsar masara mai suna Spodoptera frugiperda a Nijeriya. Dukansu 'ya'yan ƙananan ƙwari ne masu fukafukai da ke tashi da dare. Manomin da ya gane tun yana yaro cewa ƙwai da tsutsa da kwanso da mai tashi halitta ɗaya ce, shi ne zai san lokacin duba ƙarƙashin ganye kafin ɓarna ta yi nisa, maimakon ya yi ta zuba magani bayan tsutsa ta shige cikin kara.

Abin da ke da ciwo shi ne, duk kayan aikin suna cikin Zariya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro daga 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da masana ƙwari da ma'ajiyar ƙwarin da aka tattara shekara da shekaru. Jami'ar tana da sashen zane-zane da ya yi suna a faɗin Afirka, da Cibiyar Ilimi, da masana Hausa. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, kamfanin NNPC na buga littattafai kuma a 1966. Abin da ya rage shi ne masanin ƙwari da marubuci da mai zane su zauna su haɗa littafi mai shafi 24, su bar monak ya zo a ƙarshe a matsayin ɗan'uwa na nesa da za a kwatanta.

Irin wannan littafi zai iya amfanar binciken kansa. Cikin ƙwarin da Urquhart ya tarar a Meziko a farkon 1976, akwai wanda 'yan makaranta biyu da malaminsu suka manna wa alama a Jihar Minesota, kuma shi ya tabbatar da hanyar. Sanin wuraren da Vanessa cardui ke hayayyafa a Afirka ta Yamma yana buƙatar idanu masu yawa a watannin Satumba zuwa Nuwamba, daidai lokacin zangon farko na makarantunmu. Shafi ɗaya a ƙarshen littafin, inda ɗalibi zai rubuta rana da wuri da tsiron da ya ga tsutsa a kai, ya ishi makarantun firamare na Samaru da Bomo da Basawa su fara tara bayanan da masanan cibiyar za su yi aiki da su.